Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaba Bola Ahmed Tinubu: Iyakar Da Ke Tsare Mai Albasa Ta Ƙyale Mai Bindiga

Mai girma Shugaban Ƙasa,

Ina rubuto maka ne daga Achida, cikin ƙaramar hukumar Wurno ta jihar Sakkwato. Garinmu yana bakin hanyar da ta baro birnin Sakkwato ta nufi Goronyo da Sabon Birni, kuma duk wanda ya san yankin nan ya san mu da kasuwar dabbobi. Da yawa daga cikin shanu da raƙuma da tumakin da ake ciniki a nan daga arewa ake koro su, daga ƙasar Nijar, sannan a loda su a manyan motoci zuwa kudu. Cikin ragunan da ake yankawa a Legas ranar Babbar Sallah akwai waɗanda ta nan suka bi. Saboda haka maganar iyaka, da wanda aka bari ya ƙetare ta da wanda aka hana, a wurinmu maganar tukunya ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in gaya maka cewa yadda ake tafiyar da wannan iyaka, tun daga zamanin wanda ka gada har zuwa naka, ya cinye yardar da talakan gabashin Sakkwato yake yi wa gwamnati, kuma abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Ka yi haƙuri in fara da tarihi, domin in ba a san shi ba ba za a gane ciwon ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, kuma Maratta yau tana cikin Jamhuriyar Nijar. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno yake kwance. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun kasu: wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka zauna Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka zo suka yi rabonsu a farkon ƙarnin da ya wuce, layin da suka ja ya ratsa tsakanin wa da ƙane, tsakanin mutum da gonar kakansa. Ko ruwan da muke noman rani da shi bai san wannan layi ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya dawo Nijeriya ya zuba a Rima, wadda aka datse a Goronyo. Da wuya ka sami gida a Wurno ko Rabah ko Goronyo da ba shi da suruki ko ɗan'uwa ko abokin ciniki a Konni ko Madawa ko Maraɗi.

A watan Agustan 2019 gwamnatin marigayi Shugaba Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. An ce don a hana fasa-ƙwaurin shinkafa da shigo da makamai. Manoman shinkafa na fadamar Wurno ba su ƙi ba da farko, domin kowa yana son amfaninsa ya yi daraja. Sai dai a duba abin da ya faru iyakar tana rufe. A watan Mayun 2020 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Sabon Birni suka kashe mutum sama da 70 a yini ɗaya. Bindigogin da suka yi wannan aiki ba su tsaya a iyakar Illela neman hatimi ba. Waɗanda suka tsira da ransu kuwa, ina suka nufa? Ba Abuja ba, da yawansu ma ba Sakkwato ba. Arewa suka yi, suka ƙetara iyakar nan da aka ce an rufe, mata da goyo da tsofaffi a ƙafa. A daidai wannan lokaci hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 'yan Nijeriyar da suka fake a Nijar daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun haura 60,000. Talakawan jihar Maraɗi, waɗanda su ma ba wani abin kirki ke cikin rumbunsu ba, su suka fara buɗe musu zaure kafin kowace hukuma ta iso. Daga baya aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Chadakori.

Ina roƙonka ka tsaya a kan wannan, ranka ya daɗe, domin a nan lissafin Abuja yake karkacewa. A can idan an ce matsalar baƙi, hoton da ke zuwa zuciya shi ne 'yan Nijar suna kwararowa cikin Nijeriya. A nan gabashin Sakkwato mu ne baƙin. 'Ya'yanmu ne ke cin tuwon wata ƙasa saboda tasu ta kasa tsare musu rai.

An buɗe Illela a Disambar 2020, amma ba mu huta ba. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da Rabah da Goronyo, wai don a toshe wa ɓarayin daji hanyar sadarwa. A watan Oktoba suka shiga kasuwar Goronyo ana tsakar ciniki suka kashe mutum sama da 40, ba kuma wayar da za a kira agaji da ita. A Disamba suka tare mota a yankin Sabon Birni suka ƙone fasinjoji da ransu. Kowane mataki da aka ɗauka da sunan tsaro, a kan mai bin doka ya fara sauka.

Sai aka zo naka zamanin. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar, kai kuma a lokacin kai ne shugaban ECOWAS. Ba na goyon bayan juyin mulki, kuma na san kai ma ka sha wuyar mulkin soja. Amma da aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Nijeriya ke ba Nijar, aka fara maganar tura dakaru, waye ya ji a jikinsa? Janar Tiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, bai kwana da yunwa ba. Motocin albasa ne suka yi layi a bakin iyaka har kayan suka ruɓe. Dillalan dabbobi ne suka zauna hannu rabbana. Masu jinya ne a asibitocin Nijar suka kwana cikin duhu. Kuma duk wannan ya zo ne wata biyu kacal bayan ka cire tallafin man fetur, lokacin da kuɗin mota ya riga ya fi ƙarfin mutane. Zan faɗi alherinka inda yake: ka saurari sanatoci da suka ƙi yaƙi, ka tura Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ka bar malamai suka je Yamai, sannan a Maris ɗin 2024 ka ba da umarnin buɗe iyaka. Allah ya saka. Sai dai har yau ba wanda ya zo ya tambayi manomin albasa ko mai tafarnuwa nawa ya yi asara cikin watannin nan. Kuma a Nuwambar 2024 hedkwatar tsaro da bakinta ta ce 'yan bindigar Lakurawa sun sami kafar shigowa ne bayan haɗin gwiwar sojojin ƙasashen biyu ya lalace sanadin juyin mulkin. Ashe an rufe wa ɗan kasuwa ƙofa, taga kuma ta buɗe wa mai bindiga a Tangaza da Gudu.

Ga abin da talaka yake gani da idonsa. A kan kwalta, tsakanin wannan gari da wancan, shinge ne bayan shinge, kowane da hannun da ke jiran na goro. A bayan gari, tafiyar da ba ta kai sa'a guda a babur ba, akwai wanda yake sa wa ƙauye haraji kafin a bari a yi shuka, ya sake sa wani kafin a yi girbi, kuma sunansa ba ɓoyayye ba ne, yara ma sun san Bello Turji. Wanda ya biya a shinge da safe, ya kuma haɗa kuɗin fansar ƙanensa da dare, me za ka gaya masa game da gwamnati? Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 14, ya sanya tsaro da jin daɗin jama'a su ne maƙasudin kafa gwamnati. Mutanenmu ba su karanta sashen ba, amma sun san an karya shi. Shi ya sa idan aka ce a fito a yi rajista, ko a kawo rahoton baƙuwar fuska, sai ka ji ana cewa, “In na faɗa, wa zai tsare ni da dare?”

Kada a fahimce ni a kan ina cewa a bar iyaka sake. Ba wanda ya kai mu son a san mai shiga da mai fita, domin mu ne ake binnewa. Tun bayan rugujewar Libiya a 2011 makamai suke malalowa ta Sahara, kuma wanda ya ce baƙuwar fuska tana ba shi tsoro ba maƙiyin baƙi ba ne, ya ga abin da ya gani ne. A Turai jam'iyyun da ke da'awar kare ma'aikata sun daɗe suna raina irin wannan fargaba, har ma'aikatan suka juya musu baya suka bi masu zafin ƙin baƙi. Yanzu kuma sun juya da ƙarfi don su dawo da ƙuri'a. A Denmak jam'iyyar Mette Frederiksen, wadda ta hau mulki a 2019, ta zama cikin mafi tsanani a kan masu neman mafaka. A Birtaniya gwamnatin Leba ta Keir Starmer ta fito a Mayun 2025 da shirin tsawaita jiran takardar zama ta dindindin daga shekara biyar zuwa goma. Wannan rigimarsu ce, da nasu dalilai. Abin da nake tsoro shi ne mu kwaso maganin ciwon da ba namu ba.

Maƙwabtanmu sun gwada, kuma darasin yana nan kusa. Jam'iyyar PNDS-Tarayya ta tsohon shugaban Nijar Mahamadou Issoufou jam'iyya ce mai kiran kanta ta 'yan gurguzu masu sassauci. A 2015 ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, da matsin lamba da kuɗin Tarayyar Turai. Ba za a ce babu dalili ba: a Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kantche. Amma da aka fara aiki da dokar a 2016, Bazoum yana ministan cikin gida, sai aka kama direbobin Agadas aka ƙwace motocinsu, alhali jigilar nan ita ce abincin garin, kuma mafi yawan fasinjojin 'yan ƙasashen ECOWAS ne da ke da 'yancin yawo a cikin Nijar. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai ta koma hanyoyin da babu rijiya. Mutanen Agadas suka riƙe a zuciya cewa gwamnatinsu ta sayar da abincinsu don ta faranta wa Turawa. Da sojoji suka soke dokar a Nuwambar 2023, murna aka yi a garin. Gwamnatin farar hula ta yi doka ba tare da mutanen da dokar za ta taka ba, sai ta bar wa masu kaki damar zama masu ceto.

Ranka ya daɗe, na zaɓi in rubuta maka kai tsaye ne saboda gidan siyasar da ka fito. Da Janar Babangida ya kafa jam'iyyu biyu a 1989, ya ce ɗaya ta ɗan karkata hagu ɗaya dama, ta hagun ka shiga, kuma a SDP ka zama sanata a 1992. Da aka soke zaɓen 12 ga Yuni ka tsaya da NADECO, har ta kai ka ga barin ƙasa a 1994, ba ka dawo ba sai 1998. Ka san yadda mutum yake ji idan ƙasarsa ta zame masa abin gudu, ka san darajar wanda ya buɗe maka ƙofa a ƙasar da ba taka ba. Jam'iyyar da kake jagoranta yau tana kiran kanta ta masu son ci gaba. Mu a Arewa muna da ma'aunin da muke auna irin wannan da'awa, shi ne Malam Aminu Kano da NEPU da PRP. Gwamnatocin PRP a Kano da Kaduna da suka hau a 1979, haraji da jangali suka fara sokewa, domin su ne talaka ya fi ji a wuyansa. Siyasar talakawa a wurinmu ita ce a duba inda takalmin hukuma ya fi danne marar ƙarfi a fara ɗaga shi daga nan.

Kuma ƙasar nan ta taɓa ganin abin da ke faruwa idan aka mai da maganar baƙi makamin siyasa. A Janairun 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno ƙarƙashin GNPP, aka ƙetara da shi Chadi wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, a dawo da shi. A Janairun 1983, tattalin arziki ya taɓarɓare zaɓe yana gabatowa, aka ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. Kimanin mutum miliyan biyu suka bar ƙasar, rabinsu 'yan Ghana, da 'yan Nijar masu yawa. Wannan ya faru ne a mulkin Alhaji Shehu Shagari, ɗan jiharmu da muke girmamawa, kuma girmamawar ba za ta hana mu cewa kuskure ne ba. Korar ba ta dawo da darajar man fetur ba, ba ta samar da aikin yi ba, gwamnatin kuma ba ta ga ƙarshen shekarar ba.

Shugaba Darman babban mutum ne, yana da jam'iyya da lauyoyi. Abin da aka yi masa sau ɗaya, ana yi wa ƙananan mutanenmu kullum ba tare da jarida ta ji ba. Yaro ya baro Goronyo ko Rabah ya tafi cin rani kudu, yana tura baro ko sayar da albasa. A tare shi a hanya, ba shi da takarda, Hausarsa ta Sakkwatanci ce, sai a ce masa ɗan Nijar. Me zai nuna? A gida aka haife shi, ba a yi masa takardar haihuwa ba. Wani kuma yana da ita amma ta ƙone tare da ɗakinsa ranar da aka kai hari. Ofishin da ake yin lambar NIN yana hedkwatar ƙaramar hukuma ko cikin birni, hanyar kuma ba kullum take biyuwa ba. Fasfo kuwa, tun Satumbar 2025 mafi arahansa naira 100,000 ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Mutumin da gwamnati ba ta taɓa rubuta sunansa ba, ita ce kuma ke tuhumarsa da rashin takarda.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne yaran da aka haifa a Garin Kaka da sauran matsugunan Maraɗi tun daga 2019. Wasunsu sun isa shiga makaranta, kuma da Faransanci ake koya musu karatu. Sashe na 25 na kundin tsarin mulki ya ba ɗan da aka haifa a waje 'yancin zama ɗan Nijeriya muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. To wa yake rubuta sunayensu? Ranar da za su dawo Sabon Birni ko Isa, shekara goma ko ashirin nan gaba, da takardar haihuwar Nijar a hannu ko babu komai, wa zai shaide su? Ina jin tsoron ranar da za a tare su a shinge a kira su baƙin haure a ƙasar da aka kori iyayensu daga cikinta da bindiga. Tunda ka mayar da hukumar katin ɗan ƙasa ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, rajista da shige da fice duk suna hannun minista ɗaya, Olubunmi Tunji-Ojo. Ka umarce shi ya tura ma'aikata can, da yardar hukumomin Nijar, a rubuta mutanenmu da 'ya'yansu tun iyayen suna raye. A nan gida kuma a kawo na'urar rajista kasuwanni ranar da suke ci, a Achida da Goronyo da Rabah da Illela, kyauta, hakimai da dagatai da limamai su zama shaidu, domin su suka san ɗan wane ne wane.

Akwai kuma ramin da ke gabanmu wanda ban ji ana maganarsa ba. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ce ta ba ɗan Nijar damar shigowa nan, da ɗan Nijeriya damar shiga can, har kwana 90 ba biza. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso. ECOWAS ta ce a ci gaba da mutunta zirga-zirgar har sai an ga abin da hali ya yi, wato abincin miliyoyin mutane yana rataye ne a kan sanarwar da za a iya janyewa gobe. Nijeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tasu ta kansu tun 1971, mai ofishi a Yamai, wadda ta girmi ECOWAS. Ka farfaɗo da ita. A ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kai tsaye, wadda rigimar shugabanni ba za ta taɓa ta ba, a fitar da katin mazauna iyaka mai araha da zai isar wa manomi da makiyayi da mai zuwa biki ko ta'aziyya. Wanda yake da katin da zai wuce da shi ta ƙofa ba zai bi ta daji ba, kuma idan masu gaskiya suka daina bin daji, jami'in tsaro zai san duk wanda ya gani a can abin tuhuma ne. Gwamnatinka ta riga ta ƙaddamar da babbar hanyar da za ta tashi daga Illela har Badagry, ana kuma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Dukansu da iyakar nan suke haɗuwa, kuma amfaninsu yana ga abin da aka bari ya wuce ta wurin.

Game da shingaye ba na neman abu mai wuya. A rage su, a sanar da jama'a waɗanda hukuma ta amince da su, kowane jami'i ya sa sunansa a ƙirji, a kuma ga an hukunta ko da mutum ɗaya ne a fili. Ma'aikatan da aka tara a kan kwalta suna leƙa buhun gero, an fi buƙatarsu a hanyoyin da babura ke bi da dare.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi sauƙi. Sau biyu cikin shekara huɗu an rufe mana iyaka, ba a taɓa tambayarmu ba, a rediyo muka ji. Kafin a sake yanke wata shawara a kan wannan iyaka, ka turo ministanka da shugabar hukumar shige da fice su zo Wurno ko Goronyo, ba masaukin gwamnati a Sakkwato ba. Su zauna da sarakunan kasuwa da dillalan shanu da direbobi da manoman albasa, da matan da suka dawo daga Maraɗi da waɗanda mazajensu ke can har yanzu. A yi zaman da Hausa, a watsa shi a rediyo, abin da aka yi alkawari a faɗi ranar da za a cika shi. In da hali a yi shi kafin albasar rani ta fara fita, domin lokacin ne motoci suka fi yawa a hanyar Illela.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naka ɗan ƙasa,
daga Achida, ƙaramar hukumar Wurno, jihar Sakkwato.